Wutar da ta fi ƙarfin ma'auninta: gobarar dajin Ostireliya daga 1939 zuwa 2020

Lokacin da muke lulluɓa da bargo saboda hunturu, a Ostireliya zafi ne ke kan ganiyarsa. Tsakanin Disamba da Fabrairu busasshiyar iska kan taso daga hamadar tsakiyar ƙasar ta gangara kudu maso gabas, inda dazuzzukan itacen turare suke. Turaren nan da aka jera a arewacin Najeriya don tare kwararowar hamada, asalinsa can ne. Ganyensa cike yake da mai, ɓawonsa kuma kan saɓule ya rataya a jikin bishiya. In wuta ta kama, sai iska ta fizgi ɓawon yana ci, ta jefa shi kilomitoci gaba, sabuwar gobara ta tashi inda babu wanda ya tsammace ta.

Ranar Juma'a 13 ga Janairun 1939, bayan fari mai tsawo, jihar Biktoriya ta kama. Kusan hekta miliyan 2 suka ƙone, mutum 71 suka rasu, da yawansu masu aikin yankan katako ne da ke zaune a tsakiyar daji. Alƙali Leonard Stretton, wanda ya jagoranci bincike, ya ɗora laifin kan mutane masu cinna wuta ba tare da kula ba, ya kuma ba da shawarar a riƙa ƙona ƙirare da busasshen ganyen da ke jibge a ƙasa tun kafin zafi ya shigo. A shekarun 1960 wani masanin gandun daji, Alan McArthur, ya haɗa zafin rana da danshin iska da ƙarfinta da tsawon fari, ya fitar da ma'aunin haɗarin gobara. Yanayin 1939 ya ajiye a kan 100, a matsayin ƙurewa.

Wata gobara a 1983 ta kashe mutum 75. Amma ta 7 ga Fabrairun 2009 ce ta karya lissafi. An shafe fiye da shekara 10 ana fama da ƙarancin ruwa, zafi a Melbon ya kai digiri 46.4, ma'aunin McArthur ya zarce 100 nesa ba kusa ba. Wayar lantarki da ta tsinke a Kilmore East ta tayar da wutar da ta fi kowacce ɓarna. Garin Marysville ya zama toka. Mutum 173 suka mutu, akasarinsu a cikin gidajensu ko a gefensu, domin shawarar hukuma a lokacin ita ce ko mutum ya fice da wuri, ko ya tsaya ya kare gidansa. Masu tsayawa da bokiti da mesar ban-ruwa sun shirya wa irin wutar da iyayensu suka sani ne. Bayan nan aka ƙara sabon mataki a saman ma'aunin, wanda ma'anarsa ita ce kowa ya kama gabansa, ba za a iya kare gida yau ba.

Shekarar 2019 ita ce mafi zafi da bushewa tun da aka fara ajiye lissafi a ƙasar. Tun Satumba, kafin zafi ya kankama, wuta ta shiga har dazuzzuka masu lema na jihar Queensland, waɗanda a da ba a kawo su cikin lissafin gobara. Wutar da tsawa guda ta tayar a tsaunin Gospers, arewa maso yammacin Sidni, ta cinye fiye da hekta 500,000. A jajibirin sabuwar shekara mutum kusan 4,000 suka maƙale a bakin teku a garin Mallacoota, sama ta yi ja da rana tsaka, sai jiragen ruwan soja ne suka kwashi da yawansu. Firayim Ministan lokacin, Scott Morrison, kuwa ya tafi hutu Hawaii a Disamba, abin da mutane ba su yafe masa da sauƙi ba. Kafin ruwan Fabrairun 2020 ya kashe wutar, hekta miliyan 24 sun ƙone a lissafin kwamitin binciken tarayya, gidaje fiye da 3,000 sun salwanta, hayaƙi ya kai Niyu Zilan har Kudancin Amurka.

Waɗanda wutar ta kashe kai tsaye 33 ne. A ganina wannan adadi ne ke nuna abin da aka koya da wanda ba a koya ba. Saƙon gargaɗi ta wayar salula da kwashe jama'a da wuri sun ceci rayuka, amma daji sai ƙara ƙonewa yake yi, hayaƙi kuma an ƙiyasta ya yi ajalin mutum fiye da 400.

Shi ya sa aka fara waiwayar 'yan asalin ƙasar, waɗanda suka shafe dubban shekaru suna ƙona daji kaɗan-kaɗan tun ciyawa na da sauran danshi, kafin Turawa su iso a 1788 su raba su da filayensu. A yankin Arnhem na arewa an farfaɗo da wannan dabara tun 2006, kuma manyan gobarar ƙarshen rani sun ragu. Sai dai arewa filin ciyawa ne, dajin kudu kuwa ya yi kauri, ga gidaje a bakinsa, ga kwanakin da za a iya ƙona shi lafiya suna ta raguwa. A Satumban 2022 hukumomi suka ajiye ma'aunin McArthur, suka koma wani sabo mai mataki huɗu wanda ke la'akari da irin tsiron kowane yanki.