Fitilar da ta yi wa goro jagora zuwa Ikko

Jama'a, mu da muke neman abinci a kasuwannin Legas, kaɗan ne cikinmu suka taɓa ganin tsohuwar hasumiyar fitila da ke bakin teku wajen Takwa Bay. Sai an hau kwalekwale ake zuwa. Amma fa ginin nan yana da hakki a kanmu.

Turawan mulkin mallaka suka gina ta wajen 1890. A lokacin, matuƙan jiragen ruwa suna shakkar mashigin Ikko ƙwarai. Yashi ya taru a bakinsa, ga igiyar ruwa mai ƙarfi, babban jirgi ba ya iya shiga. Sai ya tsaya can cikin teku, a kwashe mutane da kaya a ƙananan jirage. An yi asarar rayuka da dukiya a wurin nan. Sai da aka jera katangun duwatsu, da dutsen da jirgin ƙasa ya riƙa kawowa daga wajen Abeokuta, aka yashe mashigin, sannan manyan jirage suka fara shigowa a 1914.

To ina ruwanmu? Goro mana. Da can iyayenmu fatake da jakuna suke zuwa Gwanja, su shafe watanni a hanya. Daga baya suka koma loda goro a jirgin ruwa daga Gwalkwas zuwa Ikko, kuma Alhaji Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi wannan fatauci. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, sai huhun goro ya sauka daga jirgin ruwa ya hau na ƙasa. Jirgin da ya iso da dare kuwa, hasken nan ne ke gaya masa ga Ikko.

Mai tsaron fitila a wancan zamani ba ya barcin dare. Shi ne zuba mai, gyaran lagwani, goge gilashi, hawa da sauka, ko ana tsuga ruwan damina. In ya gyangyaɗa ta mutu, jarin wani bawan Allah da bai taɓa gani ba, har da ransa, suna iya nutsewa. Ba mai duba shi a tsakar dare, amma ya riƙe amana.

Yau jirage da na'ura suke gane hanya. Sai dai duk wanda kakansa ya kafu a garin nan da goro, ya san akwai guminsu a cikin arzikin gidansu. Wanda ya samu sarari ya kai yara su gani.