Annobar kafasita: tarihin da ya kamata ku sani kafin ku sayi fawa saflai

1/ Jama'a, yau zare ne, ku gyara zama. In za mu haɗa kwamfuta, tambayarmu RAM nawa, wane furosesa. Fawa saflai kuwa sai canjin da ya rage a aljihu. Ni a ganina lissafin nan a juye yake, kuma tarihi ne hujjata. 🧵

2/ Aikinta dai: wutar soket ɗinmu bolt 230 ce, kayan cikin kwamfuta kuma 12 da 5 da 3.3 suke sha. Ita ke sauke wutar ta tace ta. Tsarin ATX da Intel ya fitar a 1995 ya sa kusan dukkansu suka zama sura ɗaya. Daga waje ba ka gane ta kirki.

3/ Bambancin yana ciki, musamman a kafasita, 'yan gwangwanayen nan da ke riƙe wuta suna daidaita ta. Cikinsu akwai ruwan sinadari. Daga wajen 1999 zuwa 2007 suka riƙa mutuwa da yawan gaske a faɗin duniya, har aka sa wa zamanin suna annobar kafasita.

4/ Labarin da mujallun injiniyoyi suka ruwaito a 2002 da 2003: wani masani ya bar kamfanin Rubycon na Japan ya koma China da sirrin haɗa sinadarin. Wasu ma'aikatansa suka kwafe, suka kai Taiwan. Sai dai kwafin bai cika ba. Satar amsa aka yi, aka bar layin ƙarshe 😅

5/ Abin da aka bari shi ne mahaɗin da ke hana ruwan cin alminiyon ɗin ciki. Da babu shi, sai iskar haidurojin ta taru, kan kafasita ya kumbura, ta yi yoyo ko ta fashe. Kwamfuta ta fara ɗaukewa haka kawai, wata rana ta ƙi tashi sam.

6/ Abin ya shafi madabod, fawa saflai da allon kallo. Kuma ba ya nunawa a shago, sai an yi watanni ana aiki. Mai sayarwa ya ci kuɗinsa, mai saye na zargin bairos.

7/ Kar ku ce ai sai a nemi na Japan a huta. Dell ya sha wuya da kwamfutocinsa OptiPlex, kuma kafasitocin da ke kan madabod ɗinsu na Nichicon ne, kamfanin Japan. A 2005 Dell ya ware kusan dala miliyan 300 don gyara.

8/ Takardun kotu da aka buɗe a 2010 sun nuna tsakanin Mayun 2003 da Yulin 2005 Dell ya sayar da aƙalla kwamfutoci miliyan 11.8 da ke cikin haɗarin. Miliyan goma sha ɗaya fa! Babban suna bai hana ba.

9/ A 2004 aka ƙirƙiro tambarin 80 Plus. Ma'anarsa fawa saflai tana isar da aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ta ja, sauran ya tafi a zafi. Daga baya aka ƙara matakai: Bronze, Silver, Gold, Platinum, Titanium.

10/ Nan ne da yawa ke ruɗewa. Tambarin yana auna rashin ɓarnar wuta ne kawai. Bai ce komai kan daɗewa ba, ko abin da za ta yi ranar da wuta ta zo da hauka.

11/ Shaida: 2021. Tashar Gamers Nexus ta gwada Gigabyte GP-P750GM da GP-P850GM, dukkansu Gold. Wasu suka yi tartsatsi suka ƙone a gaban kyamara. Kamfanin ya buɗe damar canji ko mayarwa. Kyan ɗan maciji kenan.

12/ Wani abu kuma: yawancin masu sunan da ke jikin kwali ba su ke ƙerawa ba. Masana'antu irin su Seasonic, CWT, FSP da Delta ke yi musu. Shi ya sa kamfani ɗaya zai iya fitar da samfuri mai kyau da na banza a shekara guda. Samfuri ake bincika.

13/ Mu abin ya fi shafa. Ƙa'idar injiniyoyi: duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rayuwar irin wannan kafasita da kusan rabi. Ku tuna Kano ko Sakkwato a Afrilu, ga ƙura, ga wutar NEPA da janareto na hawa da sauka, ga kayanmu yawanci na hannu ne.

14/ Abin da nake dubawa in zan kwatanta biyu: kafasita mai lambar digiri 105 maimakon 85, kariya daga wuta mai yawa da haɗewar waya, shekarun garanti, da gwajin waɗanda suka buɗe cikinta. "500W" a jikin gwangwani mara nauyi, kowa na iya bugawa.

15/ Gargaɗi: kar ku buɗe ta da kanku don gani, tana riƙe wuta ko an zare ta daga soket. Ku kai wa mai gyara.

16/ RAM in ta mutu ita kaɗai take tafiya. Fawa saflai mara kariya tana iya jan madabod da hadis, har da furojet ɗinka na aji huɗu. Araha ba ta ado. Wacce iri kuke amfani da ita, shekara nawa ta yi muku? Ku faɗa mana a ƙasa 👇