Daga Tsakiyar Fili Zuwa Bayan Shinge: Tarihin Ganawar 'Yan Jarida da 'Yan Ƙwallo Bayan Wasan Ƙarshe

A gidajen kallon ƙwallo na Gwallameji, unguwar ɗalibai da ke kan hanyar Dass a Bauchi, busa usur ɗin tashi ba ya watsa taro a ranar wasan ƙarshe. Matasa kan zauna sai sun ga an tsayar da gwarzon wasa a gaban allon tallace-tallace, gumi na zuba, an miƙa masa makirufo ya yi maganar minti ɗaya ko biyu. Wannan 'yar gajeriyar hira a ido kamar abu ne da ke faruwa haka kawai, amma a ƙarƙashinta akwai dokoki da kwangiloli na miliyoyin kuɗi. An fayyace wa zai taka ciyawa, wa zai fara tambaya, wa kuma zai jira a bayan shinge. Tsarin ya ɗauki shekaru da dama kafin ya tsaya da ƙafafunsa, kuma Bauchi na cikin garuruwan Najeriya ƙalilan da suka gan shi da idonsu tun da wuri.

Zamanin alƙalami da rediyo

Gasar cin kofi mafi daɗewa a Najeriya ta fara ne a 1945 da sunan Kofin Gwamna, wanda Gwamna Arthur Richards ya bayar. Ƙungiyar Marine ce ta fara ɗauka a filin Onikan na Legas. A 1953 tawagar Kano ta doke Lagos Dynamos ta kawo kofin Arewa, daga baya kuma gasar ta koma Kofin Challenge. A wancan zamani ɗan jarida da alƙalami da ɗan littafi yake zuwa fili. Abin da editansa ke so shi ne sakamako da sunayen waɗanda suka ci, sai kuma jawabin babban baƙo. Bakin ɗan wasa bai cika shiga labari ba. In ma ana son jin ta bakinsa, ba wani shamaki: da an tashi jama'a za su kwararo cikin fili, su ɗaga kyaftin a kafaɗa, ɗan jarida ya kutsa cikinsu har ɗakin canza kaya.

Rediyo ne ya fara ɗaga darajar ɗan wasa a kunnen jama'a. Ranar 22 ga Maris, 1980, da Green Eagles na Najeriya suka lallasa Aljeriya da ci 3 da nema a Babban Filin Wasa na Surulere suka ɗauki Kofin Afirka karo na farko, mafi yawan 'yan Najeriya ta akwatin rediyo suka bi wasan. Masu sharhi irin su Ernest Okonkwo na Rediyon Najeriya sun laƙaba wa Segun Odegbami da Christian Chukwu laƙabobin da suka bi su har tsufa. Da sunaye suka zauna a bakin mutane, sai sha'awar jin muryar masu sunan ta taso. Marubuta labarin wasanni, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu ta SWAN tun 1964, suka riƙa bin 'yan wasa da rikoda. Abin da ke buɗe ƙofa a lokacin shi ne sanayya. Wanda koci ya san fuskarsa ya shiga, baƙo kuwa sai ya yi ta roƙon mai gadi.

Haka abin yake a sauran duniya. Hotunan wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1970 a filin Azteca na Meziko suna nuna yadda 'yan kallo da masu ɗaukar hoto da wakilan rediyo suka yi wa 'yan wasan Brazil rubdugu, aka ɗauki Pele a kafaɗa, aka tuɓe wa wasu riguna don ajiye tarihi.

Abubuwa uku da suka kafa shinge

Na farko kuɗin talabijin ne. Da aka kafa gasar Firimiya ta Ingila a 1992, kwangilar nuna wasanninta ta shekara biyar ta kai fam miliyan 304, kuma kamfanin Sky ne ya samu damar nunawa kai tsaye. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba zai yarda wani ya riga shi jin kalmar farko daga bakin wanda ya ci ƙwallon nasara ba. Hirar bakin fili ta zama haja, allon da ke bayan ɗan wasa kuma ya zama wurin da kamfanoni ke biya don tambarinsu ya fito.

Na biyu tsaro. Turmutsutsun Hillsborough a Ingila a 1989 ya yi sanadin mutuwar mutum 97, na filin wasan Accra kuma ranar 9 ga Mayu, 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, ya ci rayuka fiye da 120. Irin waɗannan masifu sun sa hukumomi suka sake duba duk yadda ake tafiyar da taro a filin wasa, har da ƙayyade adadin masu izinin zama a gefen fili da irin rigar shaidar da kowa zai saka.

Na uku gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari. 'Yan Najeriya ba za su manta da ranar 25 ga Yuni, 1994 ba, da Ajantina ta ci Super Eagles 2 da 1 a Amurka, wata ma'aikaciyar lafiya ta riƙe hannun Maradona ta fita da shi daga fili zuwa ɗakin gwaji. Sakamakon gwajin ne ya kore shi daga gasar. Ɗan wasan da aka zaɓa domin gwaji yana ƙarƙashin idon jami'i tun daga usur ɗin tashi, don haka ba ya yiwuwa a bar shi ya ɓace cikin cincirindo.

Daga waɗannan dalilai aka gina tsarin da FIFA da CAF ke bi yanzu, mai hawa uku. Gidajen talabijin da suka sayi haƙƙin nuna wasa su ne ke yin gajeriyar hira a bakin fili. Daga nan koci da gwarzon wasa su zauna taron manema labarai. Sauran 'yan jarida kuma su jeru a bayan shinge, a layin ganawa, wanda aka tsara tsakanin ɗakin canza kaya da motar tawaga. Wajibi ne ɗan wasa ya bi ta wannan layi, amma tsayawa ya yi magana ganin damarsa ne.

Yadda tsarin ya iso Bauchi

An kafa ƙungiyar Wikki Tourists ta Bauchi a 1991, shekara guda bayan fara gasar ƙwararru ta Najeriya, aka ba ta sunan maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki da ke Yankari. A 1998 ta ɗauki Kofin Challenge bayan ta doke Plateau United a bugun fenareti. Wannan nasara ta zo ne a ƙarshen tsohon zamani: babu wayar salula a hannun jama'a, domin sai 2001 layukan GSM suka shigo, kuma mutanen Bauchi ta gidan rediyon jiha na BRC da talabijin da jaridun washegari suke samun labari. Abin da 'yan wasan suka faɗa a ranar, wanda ya kamata a ce yana ajiye ana sake jin sa, ya dogara ne kacokan ga wakilin da ya samu kutsawa da rikodarsa.

Bayan 'yan watanni, a Afrilun 1999, Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar matasa 'yan ƙasa da shekara 20 ta duniya, Bauchi kuma ta shiga cikin garuruwa takwas da aka zaɓa, tare da Legas, Ibadan, Kaduna, Kano, Inugu, Kalaba da Fatakwal. Filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa ya koma ƙarƙashin dokar FIFA. Wakilin da ya saba shiga fili da gaisuwa kawai ya tarar da kati mai hoto, an rubuta wuraren da aka yarje masa ya taka. Masu ɗaukar hoto suka koma bayan raga da rigunansu na shaida, marubuta suka hau benen da aka keɓe musu, hira kuma sai a inda aka tanada. Sifaniya ce ta ɗauki kofin bayan ta ci Japan 4 da nema a Legas. Shekara goma bayan haka, a 2009, Bauchi ta sake shiga jerin garuruwan gasar 'yan ƙasa da shekara 17, wadda Suwizalan ta lashe da ci ɗaya mai ban haushi a kan Najeriya a Abuja.

Sai dai da baƙi suka tafi, yawancin tsarin ya bi su. A wasannin gida an ci gaba da tsohuwar al'ada: da an tashi, wakilai su ruga su tare koci a gefen layi, kowa ya cusa rikoda ko waya, magoya baya na kewaye suna sa baki.

Gasar gida tsakanin doka da al'ada

Gyaran gaske ya fara ne da kamfanin LMC, wanda ya karɓi ragamar gasar daga kakar 2013. Ya fito da kundin dokoki da ya ɗora wa ƙungiyar da ke gida alhakin tsaron fili, aka kuma matsa wa ƙungiyoyi su naɗa jami'in hulɗa da 'yan jarida. A wasannin da SuperSport ke nunawa kai tsaye an riƙa ganin hira a gaban allo kamar ta Turai. Wikki ta amfana da wannan haske a 2016, kakar da ta ƙare ta uku ƙarƙashin koci Abdu Maikaba, ɗan wasanta Godwin Obaje kuma ya fi kowa cin ƙwallo da guda 18. Da SuperSport ta janye a 2017, kyamarori suka ragu, tsarin ma ya yi sanyi a filaye da yawa. An sake samun kwangilar talabijin ta shekara biyar da StarTimes a 2023.

Abin da ya fi kawo cikas shi ne kutsen 'yan kallo. A gasar ƙungiyoyi shida ta fitar da zakara a filin Agege a Yunin 2019, wasan Kano Pillars da Enugu Rangers ya ƙare da hargitsi, aka ci Pillars tarar naira miliyan 8, aka dakatar da kyaftin Rabi'u Ali wasa 12. Ranar 29 ga Maris, 2022, bayan Ghana ta hana Najeriya zuwa Kofin Duniya, fusatattun 'yan kallo sun mamaye filin Moshood Abiola na Abuja suka yi ɓarna, FIFA ta ci tarar Najeriya kuɗin Suwizalan 150,000. A irin wannan rana ba a maganar hira. Ɗan wasa ta kansa yake yi, ɗan jarida kuma yana kare kyamararsa.

Laifin bai tsaya kan 'yan kallo ba. A Kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024, wasu wakilan Ghana sun yi wa 'yan wasansu ihu a layin ganawa bayan canjaras da Mozambik, har CAF ta fitar da sanarwar tsawatarwa, ta hana watsa bidiyo kai tsaye daga wurin. Ko FIFA da kanta an taɓa shammatar ta: bayan wasan ƙarshe na 2022 a Lusail ta Ƙatar, wani shahararren mai gidan abinci ɗan Turkiyya da ake kira Salt Bae ya shiga fili yana jan hannun Messi yana taɓa kofi, abin da ya sa hukumar ta buɗe bincike kan wanda ya ba shi hanya.

Zamanin waya

Yau tambayar ta sauya kama. Tun bayan dokar 1992 da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo da talabijin, yawan masu neman hira ya ninka, sannan Facebook da YouTube da TikTok suka mayar da duk mai waya ɗan rahoto. Ɗaliban aikin jarida na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, wadda aka kafa a 1979, da wayoyinsu suke fara koyon sana'ar, filin Tafawa Balewa kuwa shi ne ajinsu mafi kusa. Ƙungiyoyi ma sun buɗe shafukansu, suna yin hira da 'yan wasansu da kansu, hirar da ba a yin tambaya mai zafi a cikinta. Annobar korona ta 2020 ta ƙara nesanta ɓangarorin biyu, domin a manyan gasanni an koma taron manema labarai ta intanet na wani lokaci.

Shinge yana da amfaninsa, yana kuma da hasararsa. Ya kare ɗan wasa daga turmutsutsu, ya ba shi damar huce fushi kafin ya buɗe baki. Amma ya fifita mai kuɗi a kan ƙaramin gidan rediyo, ya kuma haifar da amsoshi na hadda waɗanda ba su gaya wa mai sauraro komai. Babban labari sau da yawa a wajen shingen yake fitowa. Kocin Super Eagles Stephen Keshi, kwana guda bayan ya ɗauki Kofin Afirka a Johannesburg a Fabrairun 2013, a wani gidan rediyon Afirka ta Kudu ya bayyana cewa ya ajiye aiki, kafin a lallashe shi ya janye.

Akwai kuma batun harshe. Mafi yawan masu cika filin Bauchi da Hausa suke tafka muhawarar ƙwallo, 'yan wasa da dama ma da Hausa suka fi iya bayyana abin da ke ransu, amma hirar da ake ɗauka ta hukuma da Turanci ake yin ta. Wakilin sashen Hausa yakan jira a gama, sannan ya bi ɗan wasa da gudu zuwa bakin mota.

Wikki Tourists ta faɗa ƙaramar gasa a 2023, ta dawo babbar gasa a 2025, don haka manyan wasanni sun komo Bauchi. Abin da ake bukata bai kai tsadar gina sabon fili ba: katin shaida da reshen SWAN na jiha da ƙungiyar za su tantance tare, layin ganawa mai shinge a hanyar fita, ƙayyadadden lokacin da koci da kyaftin za su zauna ko an ci ko an sha kashi, da kason tambayoyi da Hausa. A ware wa ɗalibai masu koyon aiki gurbi, a kuma hana kowa taka ciyawa in ba shi da aiki a kanta. Filin da ya iya bin dokar FIFA a 1999 da 2009 ba shi da hujjar kasa bin ta a wasan gida. Ya rage ga hukumar gasar NPFL da shugabannin Wikki da 'yan jaridar Bauchi su zauna su rubuta wannan tsari, su kuma tsaya a kansa.