Ranar da Matan Aisland Suka Ajiye Aiki

Ranar Juma'a, 24 ga Oktoban 1975, matan ƙasar Aisland suka wayi gari suka ce yau kam ba su ba aiki. Ba ofis, ba girki, ba reno. Kusan tara cikin goma na matan ƙasar ne suka amsa kira. Makarantu suka rufe, masana'antun kifi suka tsaya cik, maza suka kwashi 'ya'ya suka tafi da su wuraren aiki. Daga baya suka laƙaba wa ranar "doguwar Juma'a". Mata kimanin 25,000 suka cika dandalin Reykjavik, a ƙasar da mutanenta ba su wuce 220,000 ba a lokacin.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta suna. Ƙungiyar Rauðsokkur, wato masu jan safa, ce ta kawo shawarar yajin aiki. Amma kalmar yaji tana tsorata wasu mata, kuma tana iya jawo kora. Sai aka kira ta "ranar hutu". Da wannan sassauci aka haɗa mai gogen ƙasa da ma'aikaciyar banki a layi ɗaya, duk suna kuka da abu guda: su ke riƙe da aikin, albashinsu bai kai na maza ba, kuma kujerar shugaba ba tasu ba ce.

A 1976 majalisa ta yi dokar daidaito. A 1980 aka zaɓi Vigdís Finnbogadóttir, daraktar gidan wasan kwaikwayo mai renon 'yarta ita kaɗai, ta zama mace ta farko a duniya da talakawa suka zaɓa shugabar ƙasa. Shekara 16 ta yi a kan mulki.

Sai dai ƙofar kamfanoni ta fi ta fada nauyi. Sai a 2010 aka yi dokar da ta tilasta wa kamfanoni masu ma'aikata fiye da 50 ba kowane jinsi aƙalla kashi 40 cikin ɗari na kujerun hukumar gudanarwa, ta fara aiki a 2013. Duk da haka, manyan manajoji har yanzu maza ne mafi yawansu. Ranar 24 ga Oktoban 2023 matan suka sake ajiye aiki, har da firaministar lokacin, Katrín Jakobsdóttir.