Yadda Aka Sa wa 'Yan Leƙen Asirin Amurka Linzami

Tun zamanin dā sarakuna sukan aiki 'yan leƙen asiri su gano musu shirin abokan gaba. Amma shi wannan aiki a ɓoye ake yinsa, abin da ake yi a ɓoye kuwa yana da wuyar tsawatarwa.

A shekara ta 1947 Amurka ta kafa hukumar leƙen asiri wadda ake kira CIA. Dokar da ta kafa ta, ta hana ta aikin 'yan sanda a cikin ƙasa, watau idonta a kan ƙasashen waje kaɗai zai tsaya. Ana nan, ran nan cikin watan Disamba na 1974, sai jaridar New York Times ta tona cewa hukumar tana bin diddigin 'yan ƙasa. Hankalin jama'a ya tashi. Da shiga 1975 Majalisar Dattijai ta naɗa kwamitin bincike, ta ba wani ɗan majalisa, Frank Church, shugabancinsa.

Abin da kwamitin nan ya gano ya ba mutane mamaki ƙwarai. Ashe shekara wajen ashirin ana buɗe wasiƙun mutane a asirce, a karanta, a liƙe, sa'an nan a aika wa masu su. Har ila yau an ƙulla makircin kashe Fidel Castro na Kuba aƙalla sau takwas tsakanin 1960 da 1965. A 1960 an aika da guba Kwango don a halaka Firayim Minista Patrice Lumumba. Ba a kai ga ba shi ita ba, gama abokan gabansa ne suka kashe shi a Katanga cikin 1961, da hannun Beljiyawa a ciki.

To, da asiri ya tonu sai aka shiga gyara. A 1976 Shugaba Ford ya ba da umurni, ya haramta wa kowane ma'aikacin gwamnati kisan gilla don siyasa. Majalisa kuma ta kafa kwamitoci masu ɗorewa don su riƙa duba aikin hukumomin nan. A 1978 aka yi doka, aka kafa kotu ta musamman wadda za a nemi izininta kafin a saurari wayar wanda ake tuhuma da leƙen asiri a cikin ƙasa.

Duk da haka gardama ba ta ƙare ba. A 2013 Edward Snowden ya bayyana cewa ana tattara lissafin kiran wayar miliyoyin Amurkawa, har ya zama dole a 2015 Majalisa ta sāke wata doka ta taƙaita wannan aiki.