Come of age

come of age (Turanci, salon magana, aikatau)

1. Kai shekarun da doka ke ɗaukar mutum a matsayin babba, mai ikon ƙulla yarjejeniya da riƙe dukiyarsa da kansa. A Ingila shekara 21 ne har zuwa 1970, lokacin da aka rage su zuwa 18. Ba balagar jiki ake nufi ba: saurayi na iya tsirar gemu alhali doka na kallonsa yaro.

2. Mallakar hankalin kai, musamman bayan ɗanɗana wuya.

3. Game da sana'a, fasaha ko ƙasa: tsayawa da ƙafafunta har a daina raina ta. 'Yan jarida sun cika amfani da wannan ma'anar.