Injin da ya sha ruwan Kwara: daga jirgin Baikie zuwa jiragen kasuwar Lolo

A watan Satumba na 2017 wani jirgin ruwa ya taso daga Gaya ta Jamhuriyar Nijar ɗauke da 'yan kasuwa, zai kai su Lolo a Ƙaramar Hukumar Bagudo, ya kife a Kogin Kwara. An ciro gawarwaki aƙalla 33, jami'an agaji kuma suka ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima. Irin wannan labari shi ke kai wa ga rediyo, kuma haka ya kamata, don rai ne. Amma a duk kifewar jirgi ɗaya da aka ji, akwai wasu da yawa da ba a ji ba: kwale-kwalen da ruwan sama ya cika cikin dare yana ɗaure a bakin gaɓa, ko injin da ya kwance daga mazauninsa ya faɗa. Ba wanda ya mutu, sai dai mai jirgi ya wayi gari da tambaya ɗaya: injin nan zai sake tashi kuwa?

Amsar tana da tarihi, kuma tarihin ne ke bayyana dalilin da ya sa kusan duk injin da za ka gani a Lolo, Illo ko Tuga iri ɗaya ne.

Mu fara da cewa inji baƙo ne a wannan sashe na kogin. Jiragen Turawa masu aiki da tururi sun fara shigowa Kwara daga teku tun 1832, amma duwatsu da gangaren ruwa na tsakanin Jebba da Bussa sun tare musu hanya. A nan Bussa ne Mungo Park ya halaka a 1806. A watan Oktoba na 1857 jirgin Dayspring, wanda ke ɗauke da Dakta William Baikie da Samuel Ajayi Crowther, ya daki dutse a Jebba ya nutse. Ba a yi maganar tayar da injinsa ba ma. Ayarin ya yi kusan shekara guda a bakin kogi yana jiran wani jirgin, ragowar ƙarafunan kuma sai can daga baya aka ciro aka ajiye a tashar jirgin ƙasa ta Jebba don masu kallo. Injin tururi na da tukunya da bututu masu nauyin gaske, haɗe yake da jikin jirgin. In jirgi ya tafi, ya tafi da shi kenan.

Saboda haka daga Bussa zuwa sama, kogin ya ci gaba da zama a hannun Sarkawa da Dandawa da sauran masu filafili da gora. Ko bayan yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898, wadda ta bar Illo a ɓangaren Ingilishi ta kuma shata iyakar da muke gani yau da Benin, abin bai sake ba. Da Jean Rouch da abokansa biyu suka bi Kwara daga mafarinsa har teku a 1946 zuwa 1947, a kwale-kwale suka ratsa wannan yanki, kuma abin da ya rubuta kan Sarkawa a 1950 labarin masu tuƙi da hannu ne.

Abin da ya sauya lamarin an ƙera shi ne nesa da nan. Ole Evinrude ya fara sayar da ƙaramin injin da ake maƙalawa a bayan jirgi a Milwaukee ta Amurka a 1909. Japanawa suka shigo daga baya: Tohatsu a 1956, Yamaha a 1960. A shekarun 1970 Yamaha ta fito da jerin injinan da ta sa wa suna Enduro, waɗanda aka tsara musamman don masunta da masu sufuri a ƙasashen da mai ba shi da tsabta, ruwa na da laka, gareji kuma na da nisa. Wannan ya zo daidai da cikar tafkin Kainji a 1968, wanda ya binne duwatsun Bussa ya kuma shimfiɗa ruwa har Yawuri, ruwa mai faɗin da filafili ba ya iya masa. Daga nan inji ya zama abin yau da kullum a kogin.

To, mene ne na musamman a wannan injin? Mai bugu biyu ne, wato ɗan'uwan ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Ba shi da kaskon baƙin mai a ƙasa kamar na mota, ba shi da bawul irin na mota, ba ya buƙatar batir, igiya ake ja. Fetur da iska suna shiga ta kafireta, su ratsa ɗakin da kiranshaf ke juyawa, sannan su haura silinda. Ɗan man da aka gauraya a cikin fetur, kashi 1 cikin 50 a yawancinsu, shi kaɗai ke shafa wa boris da fistin mai. Ka riƙe wannan, domin a nan ƙarfin injin yake, a nan kuma rauninsa yake. Hanyar da fetur ke bi ita ruwa ke bi. In inji ya nutse, ruwa na shiga ta kafireta ya wuce kai tsaye kan boris, ya wanke ɗan siririn man da ke kare su. Amma tunda cikin a buɗe yake daga baki har fulogi, ruwan na iya fita ta inda ya shiga, ba sai an wargaza komai ba.

Ga abin da mutane da yawa ba su yarda da shi ba sai sun gani: ba zaman cikin ruwa ke kashe inji ba, fitowa ce. Tsatsa na buƙatar abu biyu, ruwa da iskar oksijin. Lita ɗaya ta ruwan kogi a zafi irin namu ba ta ɗauke da oksijin da ya wuce miligiram 7 zuwa 8. Lita ɗaya ta iskar da muke shaƙa tana da kusan miligiram 270, ninki sama da 30 kenan. Muddin injin na ƙasan ruwa, tsatsar na tafiya ne a hankali. Da zarar an ciro shi, ruwan ya tsiyaye ya bar ɗan danshi a kan ƙarfe tsirara, iska ta shiga, zafin rana ya ƙara wa abin gudu. Cikin 'yan sa'o'i boris ya fara ja. Shi ya sa littattafan kamfanonin ke cewa a duba injin cikin 'yan sa'o'i da fitowarsa, in kuwa ba hali, gara a mayar da shi cikin duro cike da ruwa mai tsabta har bakanike ya iso. Mai jirgin da ya jingina injinsa a rana “don ya bushe” ya ba tsatsa duk abin da take nema.

Masu adana kayan tarihi da wannan ƙa'ida suke aiki. Jirgin Xantho ya nutse a gaɓar yammacin Ostareliya a 1872, aka ciro injinsa a 1985 bayan shekara 113 a ruwan gishiri. Ba su bar shi ya sha iska ba, suka tsoma shi cikin tanki na shekaru suna zare gishirin, suka kwance shi ɗaya bayan ɗaya suka mayar, har ya zamana ana iya juya kiranshaf ɗinsa da hannu. Da a rana aka shanya shi, da ya ruɓe ya zama gari.

Mu a Bagudo mun huta da gishiri, amma muna da namu ciwon: yashi da laka. Kwara a nan yana cika sau biyu a shekara. Akwai cikar damina, daga Agusta zuwa Oktoba, ta ruwan da ya sauka a yankinmu, mai kauri da laka, wadda masana ke kira farar ambaliya. Sai kuma baƙar ambaliya wajen Disamba zuwa Fabrairu, ruwan da ya taso tun daga tsaunukan Gini ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, inda lakar ta kwanta, ya iso nan garau. Injin da ya faɗa a Janairu da wanda ya faɗa a Satumba ba ciwo ɗaya suka kwaso ba. Na Satumba, ko an fitar da ruwan tas, ƙwayoyin yashi na iya maƙalewa a boris su riƙa gurzarsa.

Yadda ƙwararren bakanike ke yi ba boyayye ba ne. Ba ya fara jan igiya, wannan shi ne na farko. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, gurbin da ke saman fistin kuma 'yan cokula ne kawai. In ruwa ya cika shi aka tilasta, sandar fistin ce ke lanƙwashewa. Injin da ya nutse yana cikin aiki, yana juyi wajen 5,000 a minti, sau da yawa ya riga ya ji wannan raunin tun kafin ya kai ƙasa. Don haka sai ya wanke lakar waje, ya cire fulogi, ya kifa injin ramukan fulogin na kallon ƙasa, ya juya kan injin da hannu a hankali yana saurare. In ya ji cijewa ko ƙaras-ƙaras na yashi, magana ta ƙare, sai an buɗe ciki gaba ɗaya. In ya juya sumul, sai ya ci gaba har ruwa ya daina fita, ya zuba baƙin mai ta kafireta da ta ramukan fulogi, ya yi ta juyawa don man ya kori ruwan daga kan ƙarfe. A kiyaye fa: wayoyin fulogi a nisanta su ko a taɓa su da jikin injin, don tartsatsi ɗaya a kan tururin fetur ya isa gobara. Daga nan a kwance kafireta a wanke, a busar da kwayil da mahaɗar wayoyi, a zubar da man tanki, tunda ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya daidai inda tiyo ke zuƙa. A duba man giya ma, in ya koma kamar madara ruwa ya shiga.

Mataki na ƙarshe shi aka fi yi wa gaggawa, alhali shi ne maganin. A tayar da injin da sabon fetur da aka ninka wa baƙin mai, ƙafarsa cikin ruwa, a bar shi yana aiki a hankali rabin sa'a zuwa sa'a guda. Zafin nan ne ke ƙone danshin da ya ɓuya inda hannu ba ya kaiwa. Wanda ya tayar na minti biyu ya kashe ya ce alhamdu lillahi ya tashi, bai gama ba.

A ganinmu nan ne maganar gyaran inji ta zama maganar rai. Boris da tsatsa ta ɗan ci ba ya hana inji tashi. Zai yi aiki mako biyu, wata ɗaya, yana ɓarewa kaɗan-kaɗan, sannan ya cije a lokacin da aka fi matsa masa, wato jirgi cike da buhunan shinkafa da mutane, ana haurawa gaba da ruwa. Jirgin da injinsa ya mutu a tsakiyar kogi ba ya jin tuƙi, igiyar ruwa ke juya shi ta gefe, kuma ta gefe jirgi mai lodi ke shan ruwa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA, wadda aka kafa a 1997, ta fi magana kan rigar kariya da lodi da tafiyar dare, musamman bayan hatsarin Warrah na Mayun 2021 da ya ci mutane da dama. Duk daidai ne. Sai dai fasinja na iya ƙirga kawunan da ke cikin jirgi, ba ya iya ganin ko injin ya kwana a ruwa makon jiya.

Akwai kuma sauyin da ke tafe. Injin mai bugu biyu mai kafireta na zubar da wani kaso na fetur ɗinsa ɗanye ta salansa, shi ya sa dokokin hayaƙi a Amurka daga 1998 da na Turai bayan haka suka kore shi daga kasuwanninsu, sunan Evinrude kansa aka daina ƙera shi a 2020. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, injin mai bugu huɗu, wanda ya fi tsimin fetur, ya ƙara jan hankali. Amma shi in ya nutse, ruwan na gauraya da baƙin man kaskonsa, sai an juye an sake sau biyu ko uku. Masu kwamfuta a ciki kuma, da na'urorin auna iska da zafi, suna iya tashi yau su fara gardama bayan watanni, lokacin da danshi ya gama cin mahaɗar wayoyi, kuma ba a gano ciwonsu da kunne ko da sifana. Wanda zai sayi irinsa don aiki tsakanin Lolo da Malanbil, ya fara tambayar inda bakaniken da ke da na'urar dubawa yake, da sa'o'in da za a yi kafin a kai masa injin a cikin duron ruwa.